Hausa Ta Ba Shi Masauki, Turanci Ya Tsare Masa Ƙofa: Baƙi da Neman Harshe a Zangunan Accra

Babban titin Kanda bai fi a tsallake shi cikin minti biyu ba, in motoci sun yi sauƙi. A hannu ɗaya akwai rukunin gidajen Kanda, da gidan rediyo da talabijin na ƙasa, da ofisoshi, da hanyar da ke kai mutum fadar shugaban ƙasa. A ɗaya hannun Nima ce, Mamobi na manne da ita, kwano ya haɗu da kwano, lungu na haihuwar lungu. Babban Masallacin Ƙasa, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a watan Yulin 2021, yana tsaye da hasumiyoyinsa huɗu a bakin hanya, kowane ɓangare na hango shi. Mutumin Nima yakan tsallaka titin nan sau da yawa a rana bai ji komai ba. Amma ga baƙon da ya sauka makon jiya daga Tawa, ko Dosso, ko Wahiguya, tsallakawar tana nufin barin inda ake jin maganarsa zuwa inda sai an nemo mai yi masa tafinta.

Ana yawan yabon zango da iya saukar baƙo, kuma yabon bai wuce gona da iri ba. Saurayi zai sauko daga motar albasa ko bas ɗin Yamai, ba shi da komai sai jaka da lambar wayar wani ɗan garinsu. Kafin ya gama rarraba ido, mai koko da ƙosai ta ce masa sannu da zuwa da Hausa. Ba irin Hausarsa ba ce sak, ta zango ce, wadda ba ta cika damuwa da bambanta namiji da mace ba, kuma ta sha kalmomin Tuwi da Ga da Turanci. Duk da haka ya ji, an kuma ji shi. Kafin magariba ya sami gefen tabarma a ɗakin da samari shida ko bakwai na yankinsu ke kwana. Kafin Juma'a an kai shi gaban wani Alhaji ya gaida shi. Kafin wata ya ƙare yana tura baro, ko yana yawo da agoguna da tabarau, ko yana tsaron buhunan wani a kasuwa. Babu fom ɗin da ya cike, babu ofishin da ya je.

Tsarin ya girmi ƙasar Ghana kanta. Fataken goro da ke bin hanyar Gwanja zuwa Salaga su suka zo da al'adar maigida: mutumin da ya riga ka zama, ya ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya da kuɗi, ya haɗa ka da mai saye, ya tsaya maka in rigima ta taso. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwarta da malamanta suka bazu zuwa Kete Krachi, Kumasi da bakin teku. A Accra kuwa an riga an sami Hausawa, wasu malamai da fatake, wasu tsofaffin sojojin da Turawan Ingila suka ɗauko. Malam Idris Naino ya kafa Zangon Malam a tsakiyar gari, ɗansa Malam Baƙo ya ja jama'arsa ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Nima ta zo daga baya: a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya sami fili daga dangin Odoi Kwao na Osu, wurin kiwo ya koma unguwa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sojojin Amurka suka kafa sansani kusa da filin jirgi, masu neman aikin gadi da wanki da dahuwa suka cika ta. Zabarmawan da Jean Rouch ya ɗauka a finafinansa na shekarun 1950, masu dako da 'yan tireda a Accra, kakannin waɗanda ke sauka yau ne.

Har gobe kowace ƙabila da sarkinta: Sarkin Zabarmawa, na Mosi, na Kotokoli, na Wangarawa, na Fulani. In baƙo ya rasu ba dangi, su ke neman likkafani da kuɗin kabari. In 'yan sanda suka kama yaro, su ake tasowa da dare. In mace ta haihu mijinta na tafiya, matan gidan haya ne za su dafa ruwan wanka, ƙungiyar adashi ta fitar da kuɗin suna. Gwamnatocin Turai suna kashe miliyoyi wajen gina abin da suke kira shigar da baƙi cikin al'umma. Zango ya daɗe yana yin rabin wannan aiki da kwanon tuwo da kujerar ƙofar gida.

Rabi na ce. Ɗaya rabin yana hannun Turanci.

Inda Hausa ke tsayawa

Turanci ne harshen hukuma a Ghana. Hausa na cikin harsunan da gidan rediyon ƙasa ke watsa shirye-shirye da su tun da daɗewa, amma ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantun firamare, domin ana kallonta a matsayin harshen da ya zo daga waje. Faransancin da ɗan Nijar ko ɗan Burkina ya ɗan tsinta a makaranta, in ma ya taɓa shiga, ba ya sayen ko ruwan leda a tashar mota. Saboda haka duk abin da ya shafi takarda, sai da ɗan tsakani.

A duba layin karɓar kati a kowane asibitin gwamnati da ke kusa da zango. Za a ga mace da goyo, riƙe da hannun yaro ɗan shekara tara sanye da rigar makaranta. Ba shi ne mara lafiyar ba. An hana shi zuwa aji ne don ya yi wa uwarsa tafinta. In ma'aikaciyar jinya na jin Hausa, an huta. In ba ta ji, yaron ne zai tsaya tsakani, kuma akwai ciwon da uwa ba za ta iya faɗa wa ɗan cikinta ba ko da za ta mutu. Sai ta ce masa ya ce ciwon ciki ne. A rubuta maganin ciwon ciki, a tafi gida.

Ko a ɗauki wayar hannu. Da yawa daga cinikin ƙananan 'yan kasuwa a Accra yanzu da kuɗin waya ake yi, abin da kowa ke kira MoMo, kuma kowane saƙo da Turanci yake shigowa. Wanda bai iya karantawa ba yakan gane lambobi, amma ba zai bambanta saƙon kamfani da wanda ɗan damfara ya ƙirƙira ba. Za a kira shi a ce an tura masa kuɗi bisa kuskure, ya taimaka ya mayar. Shi kuma mai tsoron Allah ne, ba ya son cin haram, sai ya mayar da abin da bai taɓa shigowa ba. Wani kuma yakan miƙa wayarsa ga duk wanda ke kusa ya karanta masa, har da lambar sirri.

Layin wayar ma sai da katin shaida ake yi masa rajista tun da aka sake rajistar layuka daga 2021, kuma katin da ake bai wa wanda ba ɗan ƙasa ba da dala ake sa masa farashi, ana kuma sabunta shi duk shekara. Takardar haya, wadda dokar 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba amma masu gidaje ke neman na shekara ɗaya ko biyu, da Turanci ake rubuta ta, baƙo ya dangwala yatsa. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan sana'o'in kasuwa da talla ga 'yan ƙasa. Baƙi da dama ba su san da ita ba sai ranar da aka zo rufe shaguna.

Samarin da ke zaman majalisa a bakin titi, inda ake dafa shayi ana musun ƙwallo da labarin Mohammed Kudus ɗan unguwa, sukan koya wa sabon zuwa broka, wato Turancin titi, cikin 'yan watanni. Broka na da amfaninta: da ita za ka yi faɗa da kwandastan motar haya ta torotoro, ka yi ciniki a Tudu, ka ba ɗan sanda haƙuri. Amma ba ta cike fom, ba ta karanta takardar sakamakon yaro, ba ta fahimtar abin da lauya ya faɗa a kotu.

Baƙi iri-iri, suna guda

A bakin mutanen zango kowa baƙo ne. A wurin hukuma ba haka ba ne, kuma bambancin shi ke yanke wanda zai sami taimako.

Akwai ɗan gudun hijira mai kati. Ghana na da dokar 'yan gudun hijira tun 1992, wadda ta kafa hukumar da ke tantance su, tana aiki tare da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da su. Sansanin Buduburam, a hanyar Kasoa, an buɗe shi a 1990 don 'yan Laberiya. Krisan a yankin yamma ya biyo baya a 1996, ya tara mutanen ƙasashe da dama, har da 'yan Sudan. Rikicin zaɓen Kwaddibuwa ya sa aka buɗe Ampain, Egyeikrom da Fetentaa a 2011. 'Yan Laberiya sun zo da Turancinsu. 'Yan Kwaddibuwa da Togo da Sudan ba su zo da shi ba, kuma a sansani ne ƙungiyoyin agaji, galibinsu na coci, suka riƙa shirya musu darasi da koyon sana'a. Wanda ya bar sansani ya shigo birni, ya bar yawancin wannan a baya. Ɗan Darfur da ya biyo masallaci a Nima zai sami malamin da ya yi karatu a Madina ko Azhar su gaisa da Larabci, a nuna masa inda zai kwana. Hirar da za ta yanke makomar takardarsa kuwa a ofis za a yi ta.

A 'yan shekarun nan dubban mutanen Burkina Faso sun tsallako arewacin Ghana suna gudun hare-hare. An buɗe musu wurin karɓa a Tarikom, kusa da Bawku, da Zini a arewa maso yamma. A Yulin 2023 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito fili ta nuna damuwa kan rahoton mayar da ɗaruruwansu gida, yawanci mata da yara. Gwamnati ta musanta cewa korar 'yan gudun hijira take yi. Darasin da wasu suka ɗauka, musamman Fulani, shi ne kada ka rubuta sunanka ko'ina. Irin waɗannan sukan gangaro kudu su narke cikin dangi a zango, inda ba mai tambayar kati.

Sai mafi yawa: ɗan ci-rani. Shi ba yaƙi ya koro shi ba, ko kuma yaƙi da fari da yunwa sun haɗu sun koro shi ta yadda shi kansa ba zai iya rarrabewa ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza. Bayan nan babu hukumar da ta san da shi, babu wadda ke da alhakin koya masa komai. A ƙasan kowa kuma akwai mabarata, mata da ƙananan yara da ake gani a mahaɗar tituna. A watan Mayun 2025 jami'an shige da fice sun yi samame a Sabon Zango, Nima, Abossey Okai da wasu wurare, suka kwashe sama da mutum 2,000, mafi yawansu 'yan Nijar, aka mayar da su gida.

Dattawan zango ba sa jin irin wannan labari ba tare da sun tuna 1969 ba. A ranar 18 ga Nuwamba na shekarar gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Fiye da mutum dubu ɗari suka tafi, wasunsu a nan aka haife su, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Najeriya ta rama a 1983. Mutane da yawa a 1969 ba su san ana neman wata takarda ba sai da wa'adi ya kusa cika.

Aji bayan la'asar

To wa ke koyar da Turancin? A gefen Nima, ba nisa da titin Kanda, akwai ɗakin karatu na unguwa da aka buɗe a 1998. Asalinsa wata 'yar Kanada ce, Kathy Knowles, wadda a 1990 ta fara karanta wa yara shida littafi a ƙarƙashin bishiya a gidanta a Accra. Abin ya girma ya zama gidauniyar Osu Children's Library Fund mai ɗakunan karatu a unguwanni da dama. Shekara goma bayan na Nima aka gina cibiyar koyo ta Nima da Mamobi kusa da shi, mai zauren karatu na manyan ɗalibai da dandalin wasan kwaikwayo. Ban da yara, ɗakunan karatun gidauniyar sun daɗe suna gudanar da ajin manya kyauta, na karatu da rubutu da Turanci. Ba don 'yan gudun hijira aka buɗe shi ba. An buɗe shi ne don duk wanda makaranta ta wuce shi: 'yar talla, mai koyon ɗinki, 'yar aikin gida, mai gadi. A unguwa irin Nima kuwa, wannan jeri da jerin baƙi kusan abu ɗaya ne.

Akwai kuma masu kuɗi. Accra ta zama makarantar Turanci ga matasan ƙasashen da Faransa ta raina. Cibiyar koyar da harsuna da Nkrumah ya kafa a 1961 tana ɗaukar wasu, ƙananan makarantu masu zaman kansu a wajen Alajo, Kotobabi da Newtown na ɗaukar saura. Ɗan Yamai ko Abijan mai takardar gama sakandare zai zo ya yi wata shida ko tara, ya koma da shaidar da za ta sama masa aiki a ƙungiyar agaji ko kamfani. Tun da kundin mulkin Nijar na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya ajiye Turanci kafaɗa da kafaɗa da Faransanci a matsayin harsunan aiki, darajar wannan shaida sai ƙaruwa. Amma mai tura baro ba ya cikin wannan lissafi. Kuɗin wata ɗaya a can ya kai abin da yake aikawa gida.

Abin da ya rage masa shi ne ajin dare na sa-kai: wani malamin firamare ko ɗalibin jami'a ɗan unguwa ya ari aji a makarantar Islamiyya bayan yara sun tashi, a tara 'yan sidi don alli da wuta. Wanda ya taɓa leƙa irin wannan aji ya san yadda yake. Manyan mutane a kan bencin yara, gwiwa na taɓa teburi. Ga magidanci da furfura a gemu, ya riƙe fensir kamar alƙalamin kara, ya buɗe littafi daga baya, ya fara rubutu daga dama. Malami ya zo ya juya masa littafin. Mutumin nan ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta bashin abokan cinikinsa da ajami ba kuskure, ya iya Zabarmanci da Hausa da ɗan Fulatanci. Amma a rajistar aji, jahili aka rubuta shi. Shi ya sa wasu ke zuwa sau biyu su daina. Gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne, amma ba kowane mai gemu ke jure yaro sa'an ɗansa ya sa shi maimaita baƙaƙe da ƙarfi a gaban jama'a ba.

A ganina nan ne ake asarar da ba ta kamata ba. Malamin da ya san Hausa da baƙaƙen Larabci zai iya ɗora sabon karatu a kan tsohon: ya nuna wa ɗalibi cewa wannan harafi shi ne ba, wancan shi ne mim, ya bar shi ya rubuta lafazin kalma da ajami a gefen shafi. Zai kuma fara da abin da ke ƙona mutum, wato saƙon MoMo, katin asibiti, takardar haya, sunayen kwanaki da watanni, yadda ake faɗin suna da adireshi a gaban jami'i, maimakon littafin 'yan aji ɗaya mai hoton ƙwallo da kyanwa. Irin waɗannan malamai suna nan birjik. Tun da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa a 1987, makarantun da ke haɗa Turanci da Larabci sun yaye dubban matasa masu harshe uku ko huɗu, da yawansu na zaune ba aiki. Wannan sashe ne ya kwantar da tsohon tsoron da iyaye ke yi cewa boko hanyar coci ce, kuma shi ya sa yaran baƙi ba su cika zama matsala ba: a sa yaro a firamare, cikin shekara guda ya fi ubansa baki. Iyayen ne aka bari a baya.

Mata sun fi kowa. Namiji na fita, kunnensa na tsintar kalma a tasha da kasuwa. Matar da aka auro daga ƙauye aka kawo ta ɗaki guda a Mamobi za ta iya shekara goma ba ta buƙaci ko kalma ɗaya ta Turanci ba, sai ranar da miji ya rasu ko ya yi tafiya bai dawo ba. Ajin dare ba nata ba ne; ba za a bar ta ta fita ba, kuma lokacin girki ne. Abin da ke yi mata shi ne tsakanin azahar da la'asar, da malama mace, a wurin da za ta zo da goyonta, kuma galibi sai an bi ta wajen mijinta ko an sa malamar Islamiyyarsu ta yi magana. Ranar Laraba kuwa, ranar kasuwar Nima, kada ma a buɗe aji. Haka watan azumi. Da damina ta kusa, rabin mazan sun tafi gida noma, sai bayan girbi su dawo, malami ya koma farko.

A 2017 aka yi dokar asusun raya zanguna, aka kuma kafa ma'aikata guda don su, wadda aka rushe a 2021. An gina ajujuwa, an sa fitilun titi, an shimfiɗa filayen ƙwallo masu ciyawar roba. Ba wanda zai ce ba a buƙatarsu. Amma alawus ɗin malaman manya ɗari na shekara bai kai kuɗin fili guda ba, sai dai ba a yanka masa ƙyalle, kuma wanda zai amfana da shi sau da yawa ba shi da ƙuri'a. Hukumar ilimin manya ta gwamnati, wadda aka sake wa fasali da suna a 2020, an gina ta ne don ɗan ƙasa da bai yi makaranta ba. Baƙon da ke tsoron a rubuta sunansa ba zai kai kansa can ba. Wanda zai iya kawo shi aji shi ne wanda ya ba shi tabarma tun farko: sarkin ƙabilarsa, limamin lungunsu, shugaban 'yan albasa a Adjen Kotoku, inda aka mayar da kasuwar daga Agbogbloshie a 2021. Su ke da amana, su ke da zaure, su ke da kuɗin da ake tarawa ranar Juma'a. Abin da ba su saba ba shi ne ɗaukar koyon Turanci a matsayin taimako irin na likkafani da belin ɗan unguwa.

Lokaci kuma ba ya jira. Nijar, Mali da Burkina Faso, ƙasashen da suka fi cika ɗakunan samari a Nima, sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku, a bar su su shiga su zauna kamar da, har sai an ba da wata sanarwa. Duk ranar da sanarwar ta fito a Accra, da Turanci za ta fito.